Wa Ya Bar Hanyar Mosko a Buɗe?

Da safiyar ranar 5 ga Oktoban 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jiragen leƙen asiri na rundunar da ke tsaron Mosko suka hango jerin gwanon tankoki da motocin yaƙin Jamus, mai tsawon kilomita fiye da 20, yana tafe a kan babbar hanyar Warso ya doshi garin Yukhnov. Da labarin ya isa kunnen manya sai suka ƙi gaskatawa, aka sake tayar da wasu jiragen su je su duba, su ma suka dawo da magana ɗaya. Kanar Nikolai Sbytov, wanda ke shugabantar sojan sama na yankin, sai da jami'an tsaron cikin gida suka tsare shi da tambayoyi suna zarginsa da yaɗa firgici, alhali abin da mutanensa suka gani da idanunsu kawai ya faɗa. Kafin ranar ta ƙare Yukhnov ya faɗa hannun Jamusawa, kuma tsakanin garin da fadar Kremlin, tafiyar kilomita 200 ko kusa da haka, babu wata rundunar a-zo-a-gani da za ta tare su.

A wannan ranar ne umarni ya isa Podolsk, wani gari da ke kudu da Mosko, inda ake da makarantun horar da hafsoshi guda biyu, ɗaya ta sojan ƙasa a ƙarƙashin Manjo Janar Vasily Smirnov, ɗaya ta masu harba igwa a ƙarƙashin Kanar Ivan Strelbitsky. Aka tashi ɗalibai kimanin 3,500 daga azuzuwa da ɗakunan kwana, aka ɗora musu bindigogi, aka jawo igwogin da ake koya musu darasi da su, aka ce su je su toshe hanyar har sai an samu sojojin da za su karɓe su. Yawancinsu samari ne da ba su daɗe da barin makarantar sakandare ba, wasunsu ma makonni kaɗan suka yi da sanya kaki.

Wannan shi ne labarin da fim ɗin nan na Rasha mai suna Podolskiye Kursanty, wato ɗaliban sojan Podolsk, ya ɗauko. Vadim Shmelyov ne ya ba da umarni, Igor Ugolnikov ya shirya shi da tallafin ma'aikatar al'adu ta ƙasar, kuma ya fito a gidajen kallo ranar 4 ga Nuwamban 2020 bayan annobar korona ta hana a fitar da shi a watan Mayu kamar yadda aka so. Ra'ayina a kansa kashi biyu ne, kuma ba na jin ɗayan yana rushe ɗayan. Fim ɗin ya faɗi gaskiya a kan jarumtar yaran, ya kuma cancanci a kalle shi saboda haka. Sai dai ya yi gum a kan tambayar da ta fi kowace nauyi a cikin wannan labari, wato yadda aka yi ƙasar da ta shiga yaƙi da sojoji miliyoyi ta wayi gari, wata uku da rabi kacal bayan fara yaƙin, ba ta da wanda zai tsaya a ƙofar babban birninta sai 'yan makaranta. Mai kallon da ya tashi daga gaban wannan fim idonsa cike da ƙwalla amma bai yi wa kansa wannan tambayar ba, rabin labari aka ba shi.

Zan fara da abin da aka yi daidai, domin yana da yawa. Ayarin farko na ɗaliban ya garzaya gaba ya haɗu da wasu sojojin laima 'yan ɗari kaɗan a ƙarƙashin Kyaftin Ivan Starchak, waɗanda suka ja daga a bakin kogin Ugra ba tare da jiran umarnin kowa ba. Wannan ɗan ayarin ya shafe kwanaki yana kai farmaki yana ja da baya, domin sauran 'yan uwansu su sami sararin isa ƙauyen Ilyinskoye da ke kusa da Maloyaroslavets, inda ake gina wani sashe na layin tsaron da ake kira layin Mozhaisk. Da suka isa sai suka tarar ginin bai kammala ba. An zuba kankaren ɗakunan harbi, amma da yawansu ba ƙofa, ba garkuwar ƙarfe a bakin tagar da igwa ke leƙowa, ba a kuma lulluɓe su yadda za su ɓace wa jirgin sama ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to waɗannan yaran a ranar tafiyar aka miƙa musu goran da wuƙar fafewa.

Yadda ake ba da labarin, an roƙe su su riƙe wurin kwana biyar zuwa bakwai, suka riƙe shi kusan mako biyu. A ranar 13 ga Oktoba wani ayarin tankokin Jamus ya zagayo ta bayansu da jajayen tutoci a kafe, domin a ɗauka agajin da ake jira ne ya iso. Ɗaliban suka gano yaudarar a ƙurarren lokaci, suka juya igwoginsu suka ragargaza ayarin a kan hanya. Akwai kuma Laftanar Afanasy Aleshkin, wanda ya ƙirƙiro dabarar janye igwarsa daga ɗakin kankare zuwa wani rami a gefe duk lokacin da Jamusawa suka fara luguden wuta, su harba har su tabbata babu mai rai a ciki, sannan da sojan ƙasarsu sun taso sai ya mayar da igwar ya buɗe musu wuta. Ya maimaita wannan sau da dama kafin su gane, kuma a can ya rasu tare da mutanensa. Duk waɗannan suna cikin fim ɗin, kuma ba ƙagaggu ba ne. Masu shiryawar sun gina ƙauye guda da gada da ramukan yaƙi a jihar Kaluga, ba nesa da inda abin ya faru ba, suka kuma aro tankoki da igwogi na ainihi na wancan zamanin daga gidan tarihi. Wanda ya saba da fina-finan yaƙin da kwamfuta ke zana komai a cikinsu zai ga bambanci, domin a nan ana ganin nauyin ƙarfe da wahalar tura igwa a cikin taɓo, ana kuma ganin cewa harbin tanka aiki ne na mutum biyar ko shida da kowannensu zai iya mutuwa kafin a ɗura harsashi na biyu.

Ba kuma zan ce wanda ya sa hannu a kan umarnin ranar 5 ga Oktoba ya yi kuskure ba. Na juya al'amarin ta kowace fuska ban ga abin da zai yi ba in ba hakan ba. Rundunonin da ake ɗebowa daga Saiberiya da gabas mai nisa suna cikin jiragen ƙasa, tafiyar kwanaki ce a gabansu, tankokin Jamus kuwa tafiyar yini ɗaya ko biyu ce ta raba su da Mosko idan ba a tare su ba. Janar Georgy Zhukov, wanda aka kirawo daga Leningrad aka damƙa masa fagen yamma ranar 10 ga wata, ya tarar da sojojin da ba su wuce 90,000 ba don tsare dukkan layin Mozhaisk. A irin wannan hali duk mai iya riƙe bindiga za a tura, kuma ɗaliban hafsoshi sun fi kowa horo da ɗa'a a cikin waɗanda suka rage. Saboda haka ƙorafina ba a kan ranar yake ba. Yana kan shekaru huɗu da suka gabace ta, waɗanda fim ɗin ya tsallake kamar ba a yi su ba.

A watan Yunin 1937 aka harbe Mashal Mikhail Tukhachevsky tare da wasu manyan janarori bisa zargin cin amanar ƙasa, zargin da gwamnatin Sobiyet da kanta ta janye bayan mutuwar Stalin, shugaban ƙasar a lokacin yaƙin. Daga nan aka shiga tankaɗe da rairayar rundunar. A cikin mashal biyar da ƙasar ke da su uku suka rasa rayukansu, aka kashe ko aka ɗaure mafi yawan kwamandojin manyan rundunoni, aka kori dubban hafsoshi. Konstantin Rokossovsky, wanda daga baya ya jagoranci ɗaya daga cikin rundunonin da suka kare Mosko, a kurkuku ya yi daga 1937 zuwa 1940, ya fito da karyayyun haƙarƙari da haƙoran da aka zubar masa. Ɓarnar ba ta tsaya ga waɗanda aka kashe ba, domin waɗanda suka rage sun koyi darasi guda, cewa faɗa wa na sama abin da ba ya son ji ya fi abokin gaba haɗari. Abin da ya sami Sbytov da safiyar 5 ga Oktoba ɗan wannan darasin ne.

Sai kuma yarjejeniyar da aka ƙulla da Hitila ranar 23 ga Agustan 1939, wadda a ƙarƙashinta aka raba Folan, aka kuma ci gaba da aika wa Jamus hatsi da man fetur har zuwa jajibirin harin. Gargaɗi ya zo daga ko'ina, daga ɗan leƙen asirin Sobiyet Richard Sorge a Tokiyo, daga Ingila, daga masu gadin iyaka da ke jin rurin injuna a ƙetare, amma ranar 14 ga Yunin 1941 kamfanin dillancin labarai na gwamnati ya fitar da sanarwar cewa jita-jitar yaƙi ba ta da tushe. Kwana takwas bayan nan Jamus ta afka, kuma a ranar farko kaɗai aka lalata jiragen Sobiyet kimanin 1,200, galibinsu suna ajiye a ƙasa. A watan Satumba Stalin ya ƙi yarda a janye daga Kiyef a kan lokaci, aka yi wa rundunonin da ke can zobe, aka kama fiye da mutum 600,000. Da Jamusawa suka fara farmakin Mosko a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, sai aka maimaita abu guda a Bryansk da kuma Vyazma, inda zoben ya rufe ranar 7 ga Oktoba, wasu fiye da 600,000 suka sake faɗawa hannu. A cikin waɗanda suka hallaka a Vyazma har da rundunonin 'yan sa-kai na birnin Mosko, malaman makaranta da ma'aikatan masana'antu da mawaƙa, waɗanda aka tara a watan Yuli aka tura da ɗan horon da bai taka kara ya karya ba.

Wannan shi ne ramin da aka cusa ɗaliban Podolsk su cike. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon ba Jamusawa kaɗai suka tsaga shi ba. A cikin fim ɗin kuwa, giɓin da ke kan hanyar Warso yana zuwa ne kamar ambaliya ko fari, masifar da ta sauko daga sama ba da hannun kowa ba. Ana nuna manyan hafsoshi cikin damuwa a kan taswira, ana nuna ɓacin ran shugabannin makarantun da za su kai yaransu mahallaka, amma ba a kai mai kallo inda zai ce wane ne ya jawo ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A Ilyinskoye waɗanda suka ja ruwan suna cikin ofisoshi a Mosko, waɗanda ruwan ya doka kuwa ba su kai munzalin jefa ƙuri'a ba lokacin da aka yanke hukuncin da ya kai su can.

Akwai wani abu game da ɗalibin hafsa da ya kamata a tsaya a kansa. Ƙasa ba ta zaɓo irin wannan yaron don ya mutu a matsayin soja guda ba. An zaɓo shi ne saboda ya iya lissafi da karatun taswira, domin bayan watanni ya jagoranci mutum 30 ko ya kula da igwogi, bayan shekaru kuma ya jagoranci dubu. Duk manomi ya san bambancin hatsin ci da irin shuka, ya kuma san cewa ranar da gida ya kai ga daka iri a yi tuwo, yunwa ta riga ta ci ƙarfinsa, kuma damina mai zuwa ma ta shiga haɗari. Maigidan da ya yi haka don ceton 'ya'yansa ba a zarginsa, amma ba a yi masa kirari a kai ba, ana dai tambayar yadda aka yi rumbun ya ƙare tun kafin bazara. Adadin da aka fi ambata shi ne cewa cikin 3,500 kimanin 2,500 ba su dawo ba. Idan haka ne, rundunar da ta riga ta rasa hafsoshinta a hannun 'yan sandan ciki da kuma a zoben Kiyef da Vyazma ta ƙone laftanoni 2,500 na gobe a cikin mako biyu. Fim ɗin ya san da wannan, yana ma taɓo shi, sai dai ya mayar da shi abin ƙara wa sadaukarwar kwarjini, ni kuwa ina ganinsa a matsayin ma'aunin girman gazawar manya.

Wani wurin da fim ɗin ya ƙuntata labarin shi ne wajen waɗanda suka tsaya tare da ɗaliban. Ba su kaɗai ne a layin Maloyaroslavets ba. Runduna ta 312 ta sojan ƙasa a ƙarƙashin Kanar Aleksandr Naumov, wadda aka haɗa a Aktyubinsk da ke Kazakistan, ta iso yankin a cikin waɗannan kwanakin, ta yi faɗa a gefensu, kuma ta yi asarar da ta kai ga ba ta sake tsayawa a matsayin runduna mai zaman kanta ba sai da aka haɗe ragowarta da wasu. Akwai dubban fararen hula, da yawansu mata, da suka haƙa ramukan tare tankoki da shebur. Akwai ruwan kaka da ya fara a makon farko na Oktoba ya mayar da hanyoyi kwatami, abin da ya tilasta wa Jamusawa manne wa babbar hanya mai kwalta, ya kuma sa toshe ta ya yi tasirin da ya yi. Na san fim ba zai iya ɗaukar kowa ba, dole ya zaɓi fuskoki kaɗan ya bi su. Amma zaɓin ba na banza ba ne, domin kyawawan samari 'yan makaranta masu wasa da dariya sun fi saurin shiga zuciya a kan magidancin da aka ɗebo daga ƙauyen Kazakistan, ko da kuwa rami ɗaya suka mutu.

Labarin soyayyar da aka saƙa a ciki, na abokai biyu da ke son ma'aikaciyar jinya guda, ba shi da wani amfani illa jan masu kallon da ba su damu da igwa ba, kuma ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Haka nan alƙaluman da ake yawan jingina wa ɗaliban, na kashe Jamusawa 5,000 da lalata tankoki 100, na ɗauke su yadda nake ɗaukar duk lissafin da wani ɓangare ya yi wa abokin gabansa a tsakiyar yaƙi.

Dole in yi wa fim ɗin adalci ta wata fuskar, domin a Rasha akwai labarin jarumtar da ya fi wannan suna amma bai kai shi tushe ba. Kowane ɗan makarantar Sobiyet ya haddace labarin mutum 28 na rundunar Janar Panfilov, waɗanda aka ce sun tare tankokin Jamus a Dubosekovo a watan Nuwamban 1941 suka mutu gaba ɗayansu. A 1948 ofishin mai gabatar da ƙara na soja ya bincika ya gano cewa 'yan jarida ne suka tsara labarin a yadda aka san shi, kuma wasu daga cikin waɗanda aka ce sun mutu suna raye, aka ɓoye rahoton. Da shugaban ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, Sergei Mironenko, ya wallafa shi a 2015, ministan al'adu na lokacin, Vladimir Medinsky, ya yi masa ca, a shekarar da ta biyo kuma Mironenko ya bar kujerarsa, daga baya ministan ya ce labarin abu ne mai tsarki da ba a taɓawa. Idan aka gwada da wannan, ɗaliban Podolsk ba sa bukatar ƙari, ɗakunan kankarensu suna nan a tsaye, sunayensu suna cikin rajistar makarantunsu. Abin da labarin Mironenko ke nunawa shi ne irin iskar da ake shirya fim ɗin yaƙi a cikinta a Rasha ta yau, inda hukuma ke riƙe da kuɗin shiryawa, tana kuma riƙe da iyakar abin da za a iya tambaya.

A shekarar da fim ɗin ya fito aka yi wa tsarin mulkin Rasha gyara, aka sanya sashen da ya ɗora wa gwamnati alhakin kare abin da ya kira gaskiyar tarihi, ya kuma haramta rage darajar jarumtar masu kare ƙasa. A 2021 aka ƙara dokar da ta hana kwatanta abin da Tarayyar Sobiyet ta yi a yaƙin da abin da Jamus ta Hitila ta yi. Tun 2016 ma'aikatar tsaro ta kafa ƙungiyar matasa ta Yunarmiya, inda yara 'yan makaranta ke sanya jajayen huluna suna koyon fareti da harhaɗa bindiga. Wata goma sha biyar da 'yan kwanaki bayan fitowar fim ɗin, ranar 24 ga Fabrairun 2022, sojojin Rasha suka kutsa Yukiren, kuma harshen da aka yi amfani da shi wajen halatta kutsen harshen 1941 ne, na yaƙi da 'yan Nazi. Ba ina cewa waɗanda suka shirya fim ɗin sun san abin da ke tafe ba ne. Abin da nake cewa shi ne, labarin da ke koya wa yaro cewa mafi kyawun abin da zai yi shi ne ya mutu inda aka ajiye shi ba tare da tambaya ba, labari ne da kowace gwamnati za ta so ta ajiye a aljihu, ko yaƙin nata na kare gida ne ko na shiga gidan wani.

Wannan hali ba na Rasha kaɗai ba ne, kuma duba wasu wuraren yana taimaka wa mutum ya raba jarumtar yaro da ingancin abin da aka tura shi ya kare. A Faransa ana girmama ɗaliban makarantar sojan doki ta Saumur da suka tsare gadojin kogin Luwar a ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940, bayan shugaban gwamnatin ƙasar, Mashal Petain, ya riga ya faɗa wa ƙasar a rediyo cewa a daina faɗa da Jamus. A Amurka, lokacin yaƙin basasar ƙasar, ranar 15 ga Mayun 1864, an jefa ɗalibai 257 na makarantar soja ta Bajiniya cikin yaƙin New Market, goma suka mutu, kuma an daɗe ana kiran sunayensu duk shekara, alhali ɓangaren da suka mutu dominsa shi ne mai fafutukar ci gaba da bautar da baƙar fata. A Yukiren kuwa ana tunawa da ɗalibai da kuratan hafsoshin da suka tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kruty a watan Janairun 1918 don tare sojojin Bolshebik, wato 'yan gurguzun Rasha, da suka doshi Kiyef, labarin da ya yi kama da na Podolsk kamar an tsaga kara, sai dai a can mai tahowa daga Rasha yake. Ko yaran da Hitila ya raba wa makaman fasa tanka a titunan Balin a 1945, da yawansu sun yi faɗa ba tsoro. Ɗan shekara 18 zai tsaya ya mutu a kan kusan duk abin da manyansa suka ce masa ya cancanta, shi ya sa tsayuwarsa ba ta isa hujjar wanke manyan ba.

Na san amsar da ɗan Rasha mai kishin ƙasarsa zai ba ni, kuma ba amsar wasa ba ce. Zai ce Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kimanin miliyan 27 a wannan yaƙin, cewa babu gidan da bai yi makoki ba, cewa abokin gaban ya zo ne da niyyar shafe su daga doron ƙasa ya mayar da ragowar bayi, kuma al'ummar da ta sha wannan tana da haƙƙin ta yi wa matattunta fim na girmamawa ba tare da ta mayar da shi zaman kotu ba. Zai ƙara da cewa Amurkawa sun shafe shekaru suna shirya fina-finan da ke nuna kamar su kaɗai suka ci yaƙin, alhali mafi yawan sojojin Jamus a fagen gabas suka mutu. Na yarda da wannan duka. Inda muka rabu shi ne a kan ma'anar girmamawa. Ni a ganina faɗin yadda aka yi aka kai yaro inda ya mutu yana cikin haƙƙinsa a kan masu rai, kuma fim mai tsawon fiye da sa'a biyu da ya sami wurin saka kishin samari a kan budurwa bai rasa minti biyar da zai nuna ko da hafsa guda yana tambayar ina rundunonin da ya kamata su kasance a nan suka tafi ba. Marubuta da masu shirya fim na zamanin Sobiyet da kansu, waɗanda da yawansu sun yi yaƙin da hannunsu, sun taɓo irin waɗannan tambayoyin bayan 1956 a ƙarƙashin takunkumin da ya fi na yau tsanani.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta shafi mai karatun Hausa shi ne, Rasha ta daina zama ƙasa mai nisa a tunanin matasanmu. An ga tutarta a titunan Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023, an gan ta a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agustan 2024, kuma guntayen fina-finan yaƙinta suna yawo a wayoyi tare da na kowa. Wanda ya gaji da ƙaryar Faransa da Amurka yana iya ɗauka cewa duk abin da ya fito daga wancan ɓangaren gaskiya ce tsantsa, alhali kowace babbar ƙasa tana tace tarihinta kafin ta fitar da shi kasuwa. Mu ma muna da namu kason a wannan yaƙin, domin kakanninmu da aka ɗiba cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi faɗa da Japanawa a dazukan Boma, kuma mun san yadda waɗanda suka tura su suka ba da labarin daga baya, da wanda aka sa a gaba da wanda aka bari a gefen hoto.

Layin Ilyinskoye ya karye a tsakiyar Oktoba, a daidai kwanakin da firgici ya kama Mosko har ma'aikatu suka fara ƙona takardu, jama'a suka cika tashoshin jirgin ƙasa ranar 16 ga wata. Maloyaroslavets ya faɗi ranar 18. Amma a lokacin rundunonin gabas sun fara sauka, an ja sabuwar daga a kogin Nara, kuma Jamusawa ba su ƙara yin wani dogon ci gaba ta wannan hanyar ba har zuwa 5 ga Disamba da Sobiyet ta juya farmakin. Ɗaliban da suka tsira aka tattara su, kuma a ƙarshen Oktoba aka tura 'yan makarantar sojan ƙasa garin Ivanovo, 'yan makarantar igwa kuma Bukhara, su ƙarasa karatun da aka katse musu, daga nan aka rarraba su fagagen yaƙi a matsayin laftanoni. Shekara fiye da ashirin labarinsu bai fita sosai ba, sai da wasu 'yan makaranta da malamansu a yankin Podolsk suka shiga neman waɗanda suka rage da rai suna rubuta abin da suka tuna, kuma sai a watan Mayun 1975 aka buɗe musu abin tunawa a Podolsk da Ilyinskoye. Har yanzu, idan ƙanƙara ta narke, ƙungiyoyin 'yan sa-kai sukan shiga dazukan jihar Kaluga da na'urar gano ƙarfe da shebur, suna tono ƙasusuwan sojojin 1941, wani lokaci da cokali ko kwanon da mai shi ya karce sunansa a jiki, su kai su makabartar gama-gari a sake binne su.